Yadda Ake Gyara Dubban Fayilolin Kod da Ƙa'ida Ɗaya

A watan Nuwamban 2022 aka saki Spring Boot 3.0, kuma duk wanda ya gina manhajarsa a kansa, in dai yana son ya bi sabon zubin, ya tarar da aiki jibge a gabansa. Fakitocin da aka shafe shekaru ana kira da `javax` sun koma `jakarta`. Asalin lamarin shi ne, bayan kamfanin Oracle ya miƙa Java EE ga Gidauniyar Eclipse a 2017, ɓangarorin biyu sun kasa daidaitawa kan ci gaba da bunƙasa fakitocin a ƙarƙashin tsohon sunan, sai dole aka sake musu suna. A manhaja mai girma, wannan na nufin ɗaruruwa ko dubban fayiloli, kowanne da layi biyu ko uku da za a taɓa.

Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya ce wa editarsa ta nemo duk inda aka rubuta `javax.` ta mayar da shi `jakarta.`. Cikin daƙiƙa biyu an gama. Sai dai manhajar ba za ta harhaɗu ba, domin ba kowa ne ya yi ƙaurar ba. `javax.servlet` da `javax.persistence` sun tashi, amma `javax.sql` da `javax.crypto` da `javax.swing` suna nan daram, saboda su na cikin Java ɗin kanta ne. Har a cikin gida ɗaya an rabu: `javax.transaction` ya koma `jakarta`, amma `javax.transaction.xa` bai motsa ba, `javax.annotation.PostConstruct` ya tafi, `javax.annotation.processing` ya zauna.

Irin wannan aiki ne ya sa aka ƙirƙiro kayan aikin da ke sauya kod bisa ƙa'ida. Kai za ka rubuta ƙa'idar sau ɗaya, ka ce duk inda aka ga siffa kaza a mayar da ita siffa kaza, su kuma su bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya su aiwatar. Kunna su ba wuya. Gwanintar tana wajen rubuta ƙa'idar da ba ta wuce gona da iri, da kuma sanin wuraren da idonta ba ya kai wa. Tela mai ɗinkin yunifom ɗin makaranta yakan tara yadi ninki goma ya yanka da ma'auni guda. Idan ma'aunin ya yi daidai ya huta, idan ya karkace da inci ɗaya to riga goma ce ta lalace a lokaci guda. Haka ƙa'ida take.

Fara da sanin abin da kayan aikinka ke gani

Ba duka suke gani iri ɗaya ba, kuma a nan ne ya kamata zaɓinka ya fara, ba a kan wanda ya fi suna ba.

Na ƙasa su ne masu kallon kod a matsayin jerin haruffa kawai, irin su `sed`, ko `fastmod` na Facebook wanda ke nuna maka kowane sauyi ya jira amincewarka. Ba su san bambancin umarni na gaske da sharhin da wani ya rubuta a gefe ba, ba su san bambancin suna da rubutun da ke cikin alamar zance ba. Ban ce a raina su ba. Idan sunan da za ka sauya baƙo ne da ba ya kama da komai a rumbun kod ɗinka, su ne suka fi sauri, kuma kowa a ofis zai fahimci abin da aka yi.

Na tsakiya su ne masu fara warware kod ɗin zuwa bishiyar tsarinsa, kamar yadda kompaila ke yi: wannan kira ne, wannan sunan abin da aka kira, waɗannan kuma abubuwan da aka miƙa masa. A kan bishiyar ake neman siffa, ba a kan layuka ba, don haka ko an tsinka umarni gida uku a layi uku, ko an cusa tazara a tsakiya, za a gane shi. A nan `jscodeshift` na JavaScript yake, da LibCST na Python wanda Instagram ta fitar, da ast-grep mai aiki da harsuna da dama. Misali mafi sauƙi da na sani yana cikin `gofmt` na harshen Go:

```
gofmt -r 'a[b:len(a)] -> a[b:]' -d .
```

Ƙananan haruffan nan guda-guda, `a` da `b`, gurabe ne da kowace irin jimla za ta iya cikewa. Ka lura `a` ta fito sau biyu a hagu. Ma'anarsa, sai abin da ke wuri na farko ya zama shi ne dai a wuri na biyu kafin ƙa'idar ta kama. `sunaye[2:len(sunaye)]` zai sauya, `sunaye[2:len(garuruwa)]` kuwa za a bar shi yadda yake. Alamar `-d` tana nuna bambancin ne kawai, ba ta rubuta komai a fayil. Sai ka sa `-w` sannan a rubuta.

Na sama su ne waɗanda, bayan bishiyar, sun san nau'in kowane abu. Sun san cewa `get` ɗin da ke layi na goma na laburaren kaza ne, `get` ɗin layi na ashirin kuma na wani ne daban, ko da yake rubutunsu ɗaya. OpenRewrite, wanda Jonathan Schneider ya fara lokacin yana Netflix, yana cikin wannan aji, haka Rector na PHP wanda Tomas Votruba ya assasa, da `clang-tidy` na C++, da Refaster na Google. Farashin wannan sani shi ne dole aikinka ya kasance yana harhaɗuwa, duk laburaren da ya dogara da su suna wurin. Idan wani laburare ya ɓace, OpenRewrite ba zai san nau'in abin da ya fito daga cikinsa ba, sai ƙa'idar ta wuce wurin shiru ba ta taɓa shi ba. Mutum ya ga an gama ba kuskure, ya ɗauka komai ya sauya, alhali an tsallake wani sashe.

Akwai wani abu da za ka duba kafin ka amince da kowanne: shin yana mayar da fayil yadda ya same shi, ban da wurin da ya gyara? Kayan aikin da ke warware fayil ya sake buga shi gaba ɗaya da nasa salon zai share sharhi, ya sauya tazara, ya mayar da gyaran layi ɗaya ya zama na layi ɗari huɗu. Ba wanda zai iya duba irin wannan faci. Shi ya sa `jscodeshift` ke amfani da `recast`, wanda ke sake buga reshen da aka taɓa kaɗai, kuma shi ya sa LibCST da OpenRewrite ke adana kowace tazara da kowane sharhi a cikin bishiyarsu.

Kafin ka rubuta taka ƙa'idar kuma, bincika ko masu abin sun riga sun rubuta. Ƙaurar `javax` tana da ƙa'idodi shiryayyu a OpenRewrite. Rust na da `cargo fix --edition` don tsallakawa daga zubi zuwa zubi, irin na 2018 da 2021 da 2024. Go ya zo da `gofix` tun 2011, kafin ma a saki Go 1 a watan Maris na 2012. Wanda ya sauya tsari ya fi kowa sanin lungunansa.

Shirin da ake yi kafin a taɓa komai

Rumbunka ya kasance tsaf: duk abin da ka gyara da hannu ka ajiye shi a Git, ka buɗe sabon reshe. `cargo fix` ma ƙin aiki yake yi idan ya tarar da gyaran da ba a ajiye ba, sai an tilasta masa, kuma gaskiyarsa ce. Idan gyaran hannu ya cakuɗe da na na'ura, ba ka da hanyar komawa baya cikin sauƙi.

Sannan ka gudanar da gwaje-gwajen manhajar tun kafin sauyi, ka rubuta waɗanda suka riga suka faɗi. In ba haka ba, gobe za a ɗora wa ƙa'idarka laifin da ba nata ba. Idan kuma sashen da za ka sauya ba shi da gwaji ko ɗaya, tsaya ka rubuta, ko kaɗan ne. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, domin gwajin ne kaɗai zai gaya maka ko ma'ana ta sauya.

Daga nan sai ƙidaya. Yi amfani da `grep` ka ga sau nawa tsohuwar siffar ta fito, ka rubuta adadin. Sa'annan ka zauna ka karanta misalai da idonka, daga sassa daban-daban, musamman tsofaffin fayilolin da ba wanda ya leƙa tun da daɗewa. Za ka ga mutane sun rubuta abu ɗaya ta hanyoyin da ba ka zata ba: wani ya sake wa laburaren suna wajen shigo da shi, wani ya naɗe kiran a cikin nasa umarnin, wani ya ajiye shi a wani suna sai can ƙasa ya kira. Idan wuraren ba su wuce ashirin ko talatin ba, shawarata ka gyara da hannu ka wuce. Ƙa'ida tana biyan wahalarta ne idan wuraren suna da yawa, ko kuma za a maimaita aikin a rumbuna da dama.

Rubuta ƙa'idar

Ban san kayan aikin da ke koyar da wannan sana'a kamar Coccinelle ba. Julia Lawall da abokan aikinta ne suka gina shi don harshen C, kuma masu kula da zuciyar Linux sun rungume shi: a wata maƙala da aka gabatar a 2018 an ƙirga gyare-gyare fiye da 6,000 da suka shiga Linux ta hanyarsa, kuma har yau akwai kundin ƙa'idodinsa a `scripts/coccinelle` wanda ake kunnawa da `make coccicheck`. Kyansa shi ne ƙa'idar tana kama da facin da kowane mai rubuta C ya saba karantawa, layin cirewa da alamar ragi, layin ƙarawa da alamar tarawa.

Ga matsalar. A Linux, `kmalloc` na ware wa shiri wani yanki na ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma ba ya share abin da ke ciki. Don haka mutane kan bi shi da `memset` su cika yankin da sifili. Daga baya aka samar da `kzalloc` mai yin duka biyun a kira ɗaya. Ga ƙa'idar da za ta haɗe su:

```
@@
expression x, girma, tuta;
statement S;
@@
- x = kmalloc(girma, tuta);
+ x = kzalloc(girma, tuta);
  if (x == NULL) S
- memset(x, 0, girma);
```

Tsakanin alamomin `@@` biyu aka bayyana gurabe. `girma` ya fito a `kmalloc` ya sake fitowa a `memset`, saboda haka idan wani ya ware bayit 64 amma ya share 32 kawai, ƙa'idar ba za ta kama ba, kuma daidai ke nan, domin watakila da gangan ya yi. Layin `if` ba shi da alama a gabansa: ana buƙatar ganinsa, amma ba za a taɓa shi ba. Coccinelle ya kuma san cewa `x == NULL` da `!x` da `NULL == x` duk magana ɗaya ce, ba sai ka jero su ba.

Yanzu ga inda ake zamewa. Coccinelle na da alamar ɗigo uku, `...`, wadda ke nufin a bi hanyar da shirin ke bi ko me ke tsakani. Idan ka cire layin `if` ka sa ɗigo uku a wurinsa, ƙa'idar za ta kama wurare da yawa fiye da da, kuma zuciyarka za ta yi daɗi da ganin adadin. Amma ka ɗauka wani ya ware yankin, ya zuba kalmar sirri a ciki, ya yi amfani da ita, sannan ya kira `memset` don ya goge ta. Faffaɗar ƙa'idarka za ta ga `kmalloc` a sama da `memset` a ƙasa, ta cire gogewar. Kod ɗin zai harhaɗu lafiya, gwaji zai wuce, sirrin kuma ya kwana a ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da ke cikin kundin Linux don wannan aiki ba ta yarda da komai tsakanin kiran biyu ba sai duban `NULL` ɗin nan.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe daga duk jagorar nan. Wurin da ƙa'ida ta tsallake yana nan yana jiranka, `grep` zai nuna maka shi gobe. Wurin da ta gyara ba daidai ba kuwa ya ɓace cikin dubban gyare-gyare masu kyau, ba wanda zai sake kallonsa. Don haka ka fara da ƙa'ida matsattsiya, ka faɗaɗa ta kaɗan-kaɗan, kuma duk faɗaɗawa ka duba sababbin wuraren da ta kamo.

Ita ma ƙa'idar kod ce, tana buƙatar nata gwajin. Yi ƙananan fayiloli bibbiyu, ɗaya na kafin sauyi ɗaya na bayansa. Kada ka tsaya ga misalan da ya kamata su sauya. Rubuta waɗanda bai kamata a taɓa ba, irin na kalmar sirrin nan, da kira mai suna iri ɗaya daga wani laburare, da siffar da ke cikin sharhi. A ganina waɗannan sun fi na farkon muhimmanci. Sai gwaji na ƙarshe mai sauƙi: kunna ƙa'idar sau biyu a jere. Zagaye na biyu bai kamata ya sauya ko harafi ɗaya ba. Idan ya sauya, ƙa'idarka tana kama abin da ita kanta ta haifar, kuma wata rana za ka ga kira an naɗe shi ninki biyu.

A OpenRewrite sau da yawa ba sai ka rubuta Java ba. Kana iya harhaɗa ƙa'idodin da ke akwai a cikin fayil ɗin `rewrite.yml`:

```
type: specs.openrewrite.org/v1beta/recipe
name: ng.misali.SauyaPersistence
recipeList:
  - org.openrewrite.java.ChangePackage:
      oldPackageName: javax.persistence
      newPackageName: jakarta.persistence
      recursive: true
```

Fakiti ɗaya aka ambata da cikakken sunansa, ba `javax` gaba ɗaya ba. Wannan ma matsewa ce.

Abin da ƙa'ida ba za ta gani ba

Ƙaurar Python daga 2 zuwa 3 ta fi kowace nuna iyakar wannan hanya. An saki Python 3.0 a watan Disamban 2008 tare da kayan aikin `2to3`, amma sai 1 ga Janairun 2020 aka daina tallafa wa Python 2. Da kayan aiki kaɗai ke yin ƙaura, da ba a kai shekara goma sha ɗaya ba. Shi `2to3` ɗin an cire shi daga Python 3.13, don haka mai tsohon kod a yau sai ya kunna shi da Python 3.12 ko wanda ya gabace shi.

Abin da ya shafi siffa, `2to3` ya iya. `print "Sannu"` ya koma `print("Sannu")`, `xrange` ya koma `range`, `raw_input` ya koma `input`. Amma bai san nau'in komai ba. Idan ya ga `d.has_key(k)` zai mayar da shi `k in d`, ko da `d` wani abu ne na ƙirarka mai nasa `has_key`. Idan ya ga `7 / 2` ba zai ce uffan ba, alhali a Python 2 amsar 3 ce, a Python 3 kuma 3.5. A shirin lissafin kuɗi ko na rabon kaya, wannan rabin ya isa ya rikita littafi, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito.

Wanda ya fi shafar mu masu aiki da rubutun Hausa shi ne batun haruffa. A Python 2, rubutun da aka sa cikin alamar zance jerin bayit ne. Harafin ƙ a tsarin UTF-8 bayit biyu ne, haka ɗ da ɓ. Don haka `len("ƙasa")` na ba da 5 a Python 2, yana ba da 4 a Python 3. Duk inda tsohon kod ya auna tsawon suna, ko ya yanke rubutu a wani adadi don ya shiga gurbin rumbun bayanai, ma'anar ta sauya ba tare da layin ya sauya ba. Ga kuma `open`. A Python 3, idan ba ka faɗa masa tsarin haruffa ba, yakan ɗauki na kwamfutar, kuma a Windows mai Turanci ko Faransanci wannan tsari shi ne cp1252, wanda babu ƙ a cikinsa. Buɗe fayil ɗin UTF-8 ta wannan hanya sai "ƙasa" ta fito "Æ™asa", irin tarkacen da duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da shi. `2to3` ba zai ƙara maka `encoding="utf-8"` ba, domin ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin fayilolinka. Kai ne za ka bi kowane `open` ka yanke hukunci. Kuma ka tabbata cikin bayanan gwajinka akwai kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Gwajin da aka cika da "Musa" da "Audu" zai wuce lafiya ya bar matsalar tana kwance.

Java ma na da nata tarkon. A JUnit 4, `assertEquals` na karɓar saƙon bayani a farko, sai abin da ake tsammani, sai abin da aka samu. A JUnit 5, wanda ya fito a 2017, saƙon ya koma ƙarshe. Idan ka sauya layin shigo da laburaren kawai, kuma duka ukun rubutu ne, kompaila ba zai yi ƙorafi ba, sai dai gwajin ya koma kwatanta saƙon da abin da ake tsammani. Ƙa'idar da ta san nau'i za ta gane wace siffar kira ce ta juya jerin daidai. Mai kallon haruffa ba zai ma san akwai matsala ba.

Akwai kuma wuraren da ko mafi kaifin kayan aiki ba ya kai wa: sunan aji da ake ƙerawa ta haɗa guntayen rubutu lokacin da shirin ke gudana, sunayen da aka ajiye a rumbun bayanai, da reshen `#ifdef` da ba a harhaɗa a kwamfutarka ba, wanda `clang-tidy` ba zai gani ba. Kod ɗin da wata na'ura ke haifarwa kuma kada ka gyara shi, gyara abin da ke haifar da shi, in ba haka ba gobe tsohuwar siffar za ta dawo.

Kunnawa da shigarwa

Kullum a fara da gwajin da ba ya rubutu. A OpenRewrite `mvn rewrite:dryRun` ne, wanda ke fitar da faci ka karanta. A Rector `--dry-run`, a `jscodeshift` kuma `--dry --print`. Fara da babban fayil ɗaya, sai kundi ɗaya, sannan rumbun gaba ɗaya.

Facin da ya taɓa fayil dubu, ba mai karanta shi layi-layi, kuma duk wanda ya ce ya karanta, idonsa ne ya bi ta kai. Abin da abokin aikinka zai duba da natsuwa shi ne ƙa'idar da gwaje-gwajenta. Daga facin kuma a tsamo samfuri: wasu fayiloli a zaɓe su ba tsari, sai waɗanda suka fi yawan sauyi, sai waɗanda sauyinsu ya fita daban. `git diff --stat` zai nuna maka su. Fayil ɗin da ya sami gyara tamanin alhali sauran biyu-biyu suka samu, buɗe shi.

Ƙa'ida ɗaya, ajiya ɗaya a Git, kuma a rubuta cikakken umarnin da aka kunna a cikin bayanin ajiyar. Gyaran hannu ya zo a tasa ajiyar daban. Amfanin wannan yana fitowa ne ranar da facinka ya yi karo da aikin wani: ba ka zama kana warware karo ɗari, sai ka jefar da facin, ka jawo sabon kod, ka sake kunna ƙa'idar. Nan ne ƙa'ida ta fi ƙarfi, domin ko yaushe aka kunna ta a kan kod ɗaya, amsa ɗaya take bayarwa. Saboda wannan dalili ne, ko da manhajojin basirar na'ura sun iya gyara kod, na fi son a sa su taimaka wajen rubuta ƙa'idar, mutum ya duba ta, sannan ita ta bi fayilolin.

Idan rumbun na mutane da yawa ne, raba facin gida-gida bisa masu kula da kowane sashe. Google na da tsari mai suna Rosie da ke yin haka: ya yanka babban sauyi ƙanana, ya gwada kowanne, ya aika wa masu sashen. Amma rabawa ba ta yiwuwa sai tsohuwar siffa da sabuwa za su iya zama tare na ɗan lokaci. Lokacin da mutanen Google suka bar `scoped_ptr` suka koma `std::unique_ptr`, a wurare fiye da 500,000, sai da suka fara daidaita halayen biyun har tsohon sunan ya zama laƙabin sabon kawai, sannan suka bi suna sauya rubutun a hankali. Ko a ƙaramin aiki wannan dabara na amfani: kawo sabo, bar tsoho yana aiki, kwashe masu kira, sannan ka rufe tsoho.

Wani ƙorafi da za ka ji daga abokan aiki shi ne `git blame` yanzu sunanka yake nunawa a ko'ina. Tun daga Git 2.23 akwai maganinsa: zuba lambar ajiyar a fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs`, ka nuna wa Git shi ta `blame.ignoreRevsFile`. GitHub na gane wannan fayil da kansa.

Bayan an shigar, koma ga adadin da ka rubuta tun farko ka sake ƙidaya. Ragowar da ƙa'ida ta bari su ne wuraren da ke buƙatar tunanin mutum, kuma galibi su ne suka fi cin lokaci. Kada ka matsa wa ƙa'idar ta haɗiye su. Rubuta su a jere, a raba wa mutane, a gyara da hannu. Sa'annan ka sa ɓangaren bincike na ƙa'idar cikin gwajin da ke gudana kan kowane sabon gyara, ta yadda duk wanda ya sake rubuta tsohuwar siffar, ko ya kwafo ta daga wani tsohon reshe, za a tsayar da shi tun kafin ta shiga. Idan ƙidayar ta kai sifili, goge tsohon umarnin daga rumbun a ranar, kada ka bar shi sai wani mako.